Hatimin Baba da Muryar Dada

Babana ya yi shekara talatin da wani abu yana aiki a sashen rajista na wata ma'aikata a nan Gombe. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida da jan biro, da abin huda takarda, da ƙunshin zaren ɗaure fayil. Hatimin ofis ne kawai ba a bar shi ya taho da shi ba, sai ya je kasuwa aka sassaƙa masa nasa na kansa, mai sunansa da sunan unguwarmu, Tumfure. A gidanmu har takardar allurar akuyoyi tana da fayil. Idan aka miƙo masa takarda, ba ya fara karantawa daga sama. Ƙasa yake fara dubawa. In bai ga sa hannu ba sai ya mayar wa mai ita, ya ce, "Wannan kai wa mai tsire ya naɗe nama."

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, a wurinmu ta yi shekarunta biyu na ƙarshe. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba mai faɗin sunana a gida. Baba yana kira na Uwata. Ni kuma ba mai yawan magana ba ce. A aji ma, ko na san amsa, sai na jira wata ta faɗa, sannan na gyaɗa kai a ɓoye.

Kullum bayan La'asar Baba yakan zauna a gefen tabarmar Dada, ya ajiye waya a kan filo, ya yi ta yi mata tambayoyi yana ɗaukar muryarta. Wa ya haifi wa, yadda mahaifinta ya taso daga ƙasar Katsina da fatauci har ya zauna a Kwadon, wace gona ce ta wa, wa ya auri wa. Tana yi da Hausa, in labari ya yi daɗi ta zarce da Fulatanci. Ni ina bakin ƙofa ina tsince wake. Na lura duk lokacin da za ta ambaci wanda ya rasu sai ta yi ɗan tari tukuna, kamar mai neman izini.

Bayan rasuwarta Baba ya ɗora muryoyin duka a intanet, guda arba'in da bakwai, ya buɗe jadawali a kwamfutarsa. Da yake da yatsu biyu yake bugawa, ni ya zaunar na buga masa, yana tsaye a kaina yana gyara. Layi-layi ne, gida-gida. Gidan farko lamba, na biyu sunan wanda Dada ke ba da labarinsa, na uku ranar da aka ɗauka. A gida na ƙarshe kuwa kalma ɗaya ce, Saurara, shuɗiya, da layi a ƙarƙashinta. In ka danna ta sai ta kai ka wurin muryar. Baba bai yarda a bar dogon adireshin nan mai haruffa barkatai ya fito fili ba, ya ce yana ɓata takarda. Don haka muka ɓoye shi a bayan kalmar.

Danginmu suna taruwa a gidan gado a Kwadon kowace shekara, kwana uku bayan Babbar Sallah. Wannan ne taro na farko ba Dada. Sai Baba ya rubuta sanarwa a guruf ɗin dangi na waya, da lambar wasiƙa a sama da komai, cewa kafin ranar taro kowa zai ji muryar Dada a wayarsa, har na Kano da na Katsina da ba za su samu zuwa ba. Ya rufe da cewa, "Wannan alkawari ne."

Na tambaye shi a hankali ko za a tura jadawalin yadda yake. Ya ce a'a. Na farko, a waya yana buɗewa a hargitse. Na biyu, kowa zai iya sa hannu ya canza abin da ke ciki.

"Kin san Goggonki," in ji shi. "In ta samu dama sai ta rage wa kanta shekara biyar."

Goggo ƙanwarsa ce, Hamma take kiransa, wato yaya da Fulatanci, tana zaune a unguwar Malam Inna, kuma tun ina ƙarama nake jin tana cewa ta kusa hamsin.

Abin da Baba yake so shi ne PDF, irin takardar nan ta waya da ba ta motsi, wadda in an buga ta a firinta take fitowa yadda take. Har nan dai lafiya. Matsalar ita ce takarda ba ta fita daga hannun Baba ba sa hannu.

Ranar wata Asabar muka hau keke napep zuwa cikin gari, ni na riƙe filas ɗin kwamfuta mai ɗauke da jadawalin, shi ya riƙe fayil da hatimi a leda. Tafiya ce mai tsawo daga Tumfure, muna wuce sababbin gidaje da gonakin masara a tsakaninsu, Baba yana gaya wa mai keke yadda wurin yake daji a da. A shagon buga takardu wata budurwa ce a kan kwamfuta, tana taunar cingam. Baba ya ce ta buga masa jadawalin, ta buga, shafi uku. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya sa hannu a ƙasan kowane shafi, sa hannun nan nasa mai doguwar wutsiya. Ya fito da hatimi, ya danna a tawada, ya buga. Sannan ya ce ta yi sikanin ta mayar masa PDF.

A nan na hango matsala. Malamarmu ta kwamfuta ta taɓa gaya mana cewa shuɗin rubutu fuska ce kawai, adireshin yana bayansa, kamar zaren da ke bayan ɗinkin hula. Takarda kuwa ba ta da baya sai fari. Injin sikanin hoto kawai yake ɗauka. Na dubi budurwar, ita ma ta dube ni, ta ci gaba da taunarta. An ce ta yi sikanin, ta yi sikanin. Na buɗe baki. Baba yana hura tawadar hatimi don ta bushe, yana riƙe da takardar nesa da fuskarsa yana kallonta kamar jariri. Na rufe bakina.

Da yamma ya tura wa dangi. Nan da nan saƙonni suka fara shigowa. Allah ya saka da alheri. Allah ya ji ƙan Dada. Allah ya bar zumunci. Baba yana karanta wa Mama ɗaya bayan ɗaya. Ni na san waɗannan duk ba su buɗe ba tukuna, don a danginmu godiya ake fara yi kafin a duba.

Washegari da hantsi sai ga Goggo ta yi sallama, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a kujerar da ke fuskantar Baba.

"Hamma, ina kwana. Ranka ya daɗe, magatakarda. Na zo karɓar magani."

"Maganin me?"

"Na yatsa. Tun jiya nake danna Saurara. Na danna da wannan, na danna da wannan, har da babban yatsa. Na saurara, na saurara, ba abin da na ji sai kukan cikina."

"Ba ki da data ne."

"Ina da ita."

"To sabis ne. Malam Inna ai kun saba."

"Ga ni a Tumfure, birnin sabis. Danna mu ji."

Ta miƙa masa wayar. Ya danna. Shafin ya ɗan girma. Ya sake dannawa, shafin ya koma yadda yake. Ya ɗauko tasa wayar, ya danna, haka. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Amma hatimi ya fito ras," in ji Goggo. "Wannan kam ba a magana. Har na nuna wa maƙwabta."

Mama ta shige kicin da sauri, na ji tana tari irin na mai danne dariya.

Baba ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya buga cinya. Ya gano. Yarinyar shagon ta yi sikanin da baƙi da fari. Kalmar da a kwamfuta take shuɗiya, ga ta nan ta koma baƙa. Ta yaya baƙin rubutu zai yi magana?

"Shuɗin ne ya tafi," ya ce. "Uwata, gobe bayan makaranta ki shirya."

Goggo ta juyo ta kalle ni. "Dada ƙarama, ke me kika gani? Kina tsaye kamar ƙofa."

Na ce ban ga komai ba. Ƙarya ce, kuma ina jin ta gane, don ta ɗan daɗe tana kallona.

Muka sake hawa keke. Wannan karon Baba ya tsaya a kan budurwar har ta buga da kala, ya sa hannu, ya buga hatimi, ta yi sikanin da kala. Shuɗin ya fito kamar sabuwar shadda. Bai ma jira mun isa gida ba, a cikin keke ya danna. Na ga yatsansa ya sauka a kan kalmar sau uku. Daga nan har Tumfure bai ƙara gaya wa mai keke komai game da daji ba.

Wannan bai tura wa kowa ba. A guruf kuwa an fara tambaya. Wani baffanmu na Kano ya ce ko sai an sayi wata waya. Wata ta ce ita ta ji kamar motsi. Goggo ta turo hoton yatsanta naɗe da tsumma.

Da farko abin dariya yake ba ni, ko da yake a ciki nake yin ta. Amma saura kwana biyu Sallah na shiga share ɗakin Baba, na ga takarda a kan tebur da rubutun hannunsa. Ya sa lambar wasiƙa a sama. A ƙasa ya rubuta, "Ina mai baƙin cikin sanar da 'yan uwa cewa alkawarin da na ɗauka," sai ya tsaya. Ya soke baƙin ciki ya sa takaici, ya soke takaici ya mayar da baƙin ciki. Bai ƙarasa ba. Kusa da takardar ga kofin kununsa na safe, ya yi fata a sama, bai taɓa ba. Baba bai taɓa ɗaukar alkawari a rubuce ya kasa cikawa ba. Kuma wannan na mahaifiyarsa ne.

Na san abin da ya kamata na faɗa, kalma huɗu ko biyar ne. Amma ta yaya zan kalli mutumin da ya yi shekara talatin yana sa hannu na ce masa sa hannun ne ya ɓata aikin? Na gwada a gaban madubi, muryata ta ƙi fita ko a can.

Da aka kira Azahar ya tafi masallaci, sai na buɗe kwamfutar. Na buɗe jadawalin. Na fara bin hanyar bugawa, inda ake zaɓar PDF a maimakon firinta. Ya fito da kyau, shuɗi da layinsa, amma da na danna, shiru. Ashe ita ma wannan hanyar fuskar kawai ta ɗauka. Na kusa rufewa. Sai na tuna Malama ta ce in kana son zaren ya biyo ka, kada ka ce wa kwamfuta ta buga, ce mata ta ajiye. Na koma wurin ajiye fayil, na zaɓi a ajiye shi a matsayin PDF. Na buɗe. Da na kai kibiya kan Saurara sai ta rikiɗe ta zama ɗan hannu mai nuni. Ban danna ba. Na tura wa wayar Mama, don a waya ake son ya yi.

Mama tana kicin tana murza cincin na Sallah, hannunta duk fulawa. Na riƙe mata wayar na ce ta danna.

"Ni ma so kike na naɗe yatsa?"

"Ki dai danna, Mama."

Ta danna layin farko da gaɓar ɗan yatsa. Wayar ta yi ɗan jim. Sai muka ji kukan kaza, da ƙarar carbi, sannan ɗan tarin nan. Dada ta ce, "To, mahaifina dai, Allah ya ji ƙansa, ba ɗan nan ba ne."

Mama ta ajiye muciyar murzawa. Muna tsaye haka muka ji takalmin Baba a tsakar gida, ya zo daidai ƙofar kicin ya tsaya. Bai shigo ba. Ya tsaya da hularsa a hannu har Dada ta kawo mahaifinta Kwadon ta sauke masa kaya.

"Daga ina?" ya ce.

Mama ta nuna ni da haɓa.

"Uwata, me kika yi masa?"

Na dubi ƙasa. Akwai wani ɗan cincin da ya faɗo kusa da ƙafata, shi na yi wa bayani. Na ce adireshin yana ɓoye a bayan kalmar. Na ce in an buga a takarda ya tsaya a kwamfuta, ba ya bi. Na ce sikanin hoto ne kawai, ko da kala ko ba kala. Na ce wannan ban fitar da shi ta takarda ba, kai tsaye na ajiye shi.

"Wato ba shuɗin ba ne."

"A'a, Baba."

"Wato bugawar ce."

"E."

"Ni kuma na buga ne don na sa hannu. Wato sa hannuna ne."

Mama ce ta ce, "Ita ba ta faɗa ba, kai ka faɗa."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun a shago."

"Zuwa na farko ko na biyu?"

"Na farko."

Ya kalle ni, ya kalli Mama. "Kin ji. Ta bar ni na hau keke sau biyu, na tsaya a kan 'yar mutane ina koya mata aikinta." Ya girgiza kai. "Mai sunanki da ita ce, tun a bakin ƙofar shagon za ta faɗa mini, da ƙarfi, a gaban kowa."

Na zaci an gama. Sai ya karɓi wayar ya ja shafin zuwa ƙasa, kamar yadda ya saba. Fuskarsa ta canza.

"Ba sa hannu."

"Alhaji," in ji Mama, "muryar uwarka ce a ciki. Wa zai ce ta jabu ce?"

"Ba a nan take ba. Takarda ta fita daga gidan nan tsirara?"

Wannan karon ban jira madubi ba. Na ce ya sa hannu a farar takarda ya buga hatimi, na ɗauki hotonsu, na liƙa a ƙasan jadawalin tun yana cikin kwamfuta, sannan na ajiye. Ya ce wannan ai hoton sa hannu ne, ba sa hannu ba. Na ce wanda aka yi sikanin ma hoto ne. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Mama ta juya baya tana gyara kaskon da ba abin da ya same shi.

Baba ya yi ta jujjuya hularsa. Daga baya ya ce na kawo farar takarda. Sai da ya sa hannu sau huɗu kafin ya samu wanda wutsiyarsa ta yi masa. Da muka gama ya ce ba za a tura ba sai an duba, kuma a rajista ba a duba rabi. Muka zauna, shi da jan biro da kwafin takarda, ni da waya, na danna layi arba'in da bakwai ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda Dada ta yi magana sai ya yi masa alama. A layi na talatin da wani abu ya daina cewa na wuce na gaba da wuri. Ban kalle shi ba, na bar ta ta ƙarasa.

Ya tura kafin Magariba. Wannan karon ba a fara da godiya ba. Guruf ya yi tsit kusan rabin awa. Sannan baffanmu na Kano ya turo saƙon murya, ya fara sallama, ya kasa ci gaba, ya katse.

Ranar taro a Kwadon an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta ƙofar gidan gado. Baba ya zo da kwafi na takarda, masu sa hannu na gaske da hatimi mai ɗanyar tawada, ya raba wa dattawa. Suka karɓa da hannu biyu, suka ninke, suka sa a aljihu, suka fito da wayoyi. Kowa ya nemi layin gidansu ya danna. Dada ta fara magana ta wayoyi kusan ashirin a lokaci guda, nan tana aurar da wani, can tana raba gona, can tana faɗa da Fulatanci. Wata tsohuwa ta ce haka take da ranta ma, ba ta jiran kowa ya gama.

Sai wani ɗan Goggo ya ƙure ƙarar wayarsa a layi na goma sha tara, mai sunan Goggo. Dada ta ce, "Ita wannan ai a shekarar da aka haƙa rijiyar gidan nan na haife ta, da kaka, ana yankan gero." Duk dattawan wurin sun san shekarar rijiya. Na ga leɓunansu suna motsi, suna lissafi da yatsu.

"Kashe abin nan!" in ji Goggo. "Hamma, wannan takardar taka ba ta da kyau. Ta farkon ta fi. A dawo da ta farkon."

"Yatsan ya warke?" in ji Baba.

"Ya warke. Kuma na san ba kai ka gyara ba." Ta nemo ni da ido har ta same ni a bayan Mama. "Dada ƙarama, zo nan. Ke da kika ce ba ki ga komai ba."

Ban je ba, na ƙara shigewa bayan Mama. Baba ya buɗe fayil ɗinsa ya fito da kwafin da ya yi wa alama da jan biro. A ƙasa, kusa da hatimi, ya riga ya ja layi ya rubuta, Wadda ta duba. Ya miƙo mini biron ta kan kafaɗar Mama.

Ba ni da sa hannu a lokacin. Na rubuta sunana kawai, sunan da ba mai faɗa, da ƙananan haruffa. Ya karɓa, ya duba, ya hura, ko da yake biro ba ya bukatar a hura shi, ya mayar cikin fayil ya ɗaure zaren.